Bodin da Aka Bari a Gidan Mai

Allurar mai ta sake sauka. Jirgi ya gan ta da wutsiyar ido, ya yi kamar bai gani ba, ya ƙara danna totur. Tirelar ta yi gurnani ta kama hawan tudun da ƙyar, kwalayen tayil na daɓen ɗaki da aka shaƙe bodin da su suna jan ta baya. Wayarsa na kan kujerar gefe, kuma tun hantsi da yayarsa ta kira bai daina leƙa ta ba.

"Auta, kana ina?" ta ce masa a lokacin. A gida har gobe shi Auta ne, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. Abokan aiki ne suka laƙaba masa Jirgi, saboda ƙafarsa ba ta san sauƙi a kan totur ba.

"Ina hanya, Yaya. Lafiya dai?"

"Jikin Baba ne. Tun asuba muke asibiti. Sun ce hanji ne ya murɗe, sai an yi masa aiki yau ɗin nan. Babban likitan zai iso bayan la'asar, yana zuwa za su shiga da shi." Ya ji tana jan hanci. "Sun ce da shekarunsa da yanayin zuciyarsa, mu dai yi ta addu'a. Shi kuma ba wanda yake tambaya sai kai."

Garin da asibitin yake, can ne dama zai sauke kayan. Sai dai in ya bi babbar hanya a tafiyar da aka tsara masa, ba zai shiga garin ba sai duhu ya yi. Shi ya sa da ya zo mararraba ya karya sitiyari ya shiga tsohuwar hanyar da ke yanke ta cikin tuddai, wadda direbobi suka yi wa ƙaura tun da aka buɗe sabuwa. Ya ce a ransa ai yanke ce, kuma akwai gidan mai guda a tsakiyarta, in ya isa can sai ya ƙara.

Kamfaninsu ba ya wasa da mai. Kowace tafiya sai an duba nauyin kaya, an duba nisan hanya, sannan a zuba maka dizal daidai da haka, da ɗan ƙari na ko-ta-kwana. To amma wannan awon na direba ne mai natsuwa, mai tafiya kan shimfiɗaɗɗiyar hanya da ƙafa sakayau. Ba a yi shi don mutumin da mahaifinsa ke kwance yana kiran sunansa ba.

Kuma ba wai Jirgi bai sani ba ne. A cikin kan mota ya girma, a gefen Baba, wanda ya ja tirela har idonsa ya gaza. Tun bai kai ya taka kuloci ba tsohon yake gaya masa cewa babbar mota iska take turewa da ƙirjinta, kuma in ka ƙara gudu kaɗan, iskar ƙara ƙarfi take da yawa, tankinka ne zai ji a jikinsa. Kaya kuwa a tudu suke karɓar rabonsu, da duk sanda ka taka birki ka sake tashi daga tsaye. Duk ya haddace wannan. Yau dai ya haɗa ukun gaba ɗaya, ga gudu, ga kaya har wuya, ga tuddai ɗaya bayan ɗaya, yana ta fatan allura za ta ji tausayinsa.

Ba ta ji ba. Ko da rufin kwanon gidan man ya bayyana a gangare, ta riga ta kwanta kan jan layi.

Ƙaramin wuri ne, famfo biyu da ɗaki guda, sai rumfar mai faci a gefe ƙarƙashin wata bishiya. Wata mace mai jiki, wadda za ta girme shi da kaɗan, tana zaune kan kujerar roba tana gyaran farce. Tun kafin ya gama tsayawa ta ɗaga hannu tana kaɗawa. Kowane direba ya san ma'anar wannan kaɗa hannun.

Ya diro ya yi sallama. "Baiwar Allah, dizal nake so."

"Sannu da hanya, direba. Ni ma shi nake so," ta ce. "Tankar da za ta kawo mana kullum gobe take zuwa. Fetur dai akwai, in za ka sha."

"Ko jarka ɗaya? Ko wanda aka ajiye a gefe?"

"Wallahi ko na shafa wa ƙurji babu. Da akwai, me zan yi da shi?"

Mai facin ya taso daga rumfarsa yana goge hannu a wando. Ɗan tsurut ne dattijon, da hular ulu a ka duk zafin nan. Bai tambayi kowa ba ya kewaya ya ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya karyo wani siririn reshe, Jirgi ya buɗe masa murfin, ya zura har ƙasa ya zaro. Jiƙar ba ta fi gaɓar yatsa biyu ba.

"Me ka ɗauko ne haka, duwatsu?"

"Tayil."

"Ƙanen dutse ke nan. Ina za ka?"

Jirgi ya faɗa masa. Mai facin ya dubi reshen, ya dubi dogon bodin da tayoyinsa suka baje don nauyi, ya nuna gabas da haɓa. "Akwai babban tudu a gabanka, wanda ya fi duk waɗanda ka hawo. Da wannan kayan, da wannan ɗan miyau da ke tankinka, ko rabinsa ba za ka kai ba. A nan za ta tsaya maka, kuma tsayuwa da kaya a kan tudu ba na yi wa maƙiyina fatanta."

"Motar haya fa? Ba mai wucewa?"

"Ɗaya ce, ta wuce tun safe," in ji matar. "Sai kuma gobe war haka."

Idonsa ya kai kan wani babur a cikin rumfar. Sai da ya matsa ya ga injinsa a baje kan buhu, gunduwa-gunduwa.

"Kada ka sa rai da wannan," ta ce. "Tun ina budurwa ake gyaransa."

"Manaja, ki ji tsoron Allah," in ji mai facin. "Wani ƙarfe ɗaya nake jira." Ya juyo ga Jirgi. "Manaja muke ce mata, don ita ce manajan, ita ce mai zuba man, ita ce mai sharar."

Jirgi bai yi dariya ba. Ya zauna kan matakalar motar ya dafe kai. Rana ta riga ta karkata daga tsaka. Ya tuna yadda ya yi ta wuce motoci da safe kafin mararraba, yana danna musu ham, yana jin kamar kowane gudu kusantar da shi yake ga Baba, ashe man da zai kai shi yake watsarwa a hanya. Kuma ba wanda zai ɗora wa laifin.

Manaja ta ajiye abin yankan farcen. "Ƙanena, wannan zaman ba na kaya ba ne. Me ya faru?"

Bai yi niyyar faɗa ba, amma da ya buɗe baki sai maganar ta zubo duka, da asibitin, da likitan da zai zo bayan la'asar, da tsohon da ke ta tambayar autansa. Mai facin ya cire hularsa ya sake mayarwa, yana ta "Allah Sarki, Allah ya ba shi lafiya." Manaja kuwa bodin ta zuba wa ido. Ta tashi ta taka har ƙarshen bodin ta dawo, hannu a ƙugu, tana ƙare masa kallo.

"Ni fa ban san mota ba," ta ce. "Amma wai shi wannan dogon abin na baya, dole ne sai ya je asibitin shi ma?"

Jirgi ya ɗago. Mai facin ya buɗe baki, ya dubi reshen da ke hannunsa har yanzu.

"Kan motar kaɗai, ba bodi," ya ce a hankali. "Ai kan mota shi kaɗai ba ya cin rabin abin da yake ci da kaya. Tudun ma ba zai san ka hau shi ba. In ka lallaɓa ta, wallahi za ta iya kai ka. Ban ce tabbas ba, na ce za ta iya."

Tunanin ya taɓa gilma wa Jirgi, ya kore shi tun bai zauna ba. Direba ba ya barin kaya. Wannan ita ce doka ta farko a kamfaninsu, kuma ya ga waɗanda aka karɓe wa makulli a kan abin da bai kai haka ba. Tayil ne na mutane, cike da bodi, a dajin da bai san kowa ba.

"Wa zan bar wa?" ya ce.

"Ni da ka gani," in ji Manaja. "Kwana da kwanaki ina gadin famfon da babu komai a cikinsa. Yau dai na samu abin gadi na gaske. A nan nake kwana, ga mai faci, ga karnuka biyu da ba su da mutunci. Kira maigidan naka."

Ya kira. Maigidan, wanda ke kula da motocin kamfanin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya fara. Wa ya ce ya bi tsohuwar hanya? Man da aka zuba masa ai har da ragowa ya kamata ya dawo da shi. Shi dama ya daɗe da sanin ƙafar nan tasa za ta ja musu magana wata rana. Jirgi dai yana ta "haka ne, maigida," don babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Manaja ta miƙo hannu. "Ba ni shi."

Ta kara wayar a kunne ta koma gefe. Ba su ji duk abin da ta ce ba, sai guntu-guntu. "Ranka ya daɗe, faɗan nan duka daidai ne, amma ka ajiye shi zuwa jibi, ba zai lalace ba... A'a, ni ba 'yar'uwarsa ba ce, yanzu na fara ganinsa... Kai naka mahaifin yana raye?" Daga nan ta saurara, ta gyaɗa kai, ta kwatanta masa wurin tiryan-tiryan, ta dawo ta miƙa wa Jirgi wayar.

Muryar maigidan ta sauko. "Ka sauke bodin a wuri mai tauri, ka sa wa tayoyin waigi. Gobe zan turo wani kan mota ya ɗauka. Ka gaida Baba, ka ce ina yi masa addu'a. Maganarmu ni da kai kuma tana nan, kada ka ɗauka na manta."

"Na gode, maigida. Allah ya saka da alheri."

"Tafi, kana ɓata lokaci."

Sauke bodi mai kaya ba wasa ba ne. Ƙafafunsa biyu na ƙarfe ne za su ɗauki nauyin da kan mota ke ɗauka, kuma in ƙasa ta yi laushi nutsewa za su yi, bodin ya kifa da hanci. Filin gidan man duk rairayi ne, in ban da daɓen siminti da ke gaban famfunan. Manaja ta nuna gaban famfon dizal.

"Sa shi nan. Ba wanda zai tare wa hanya, tunda ba abin sayarwa."

Jirgi ya hau ya yi ribas a hankali, mai facin yana ba shi hannu, har ƙafafun suka daidaita kan daɓen. Dattijon ya duba simintin ya ce bai yarda da shi ba, siriri ne, zai fashe. Ya shiga rumfarsa ya kwaso kayan da ke kan bencinsa ya zube a ƙasa, ya ɓalle katakon bencin mai kauri, suka raba biyu suka shimfiɗa ƙarƙashin ƙafafun.

"Baba mai faci, bencinka ne fa."

"Dama ya ishe ni. Masu zaman banza yake tara mini."

Suka gangaro da manyan duwatsu suka tokare tayoyin baya. Hannun da ake juyawa a sauke ƙafafun ya yi tsatsa, ya ƙi motsi, sai da Manaja ta kawo baƙin mai a gwangwani aka ɗiga masa, sannan su biyu suka kama suna juyawa, gumi na zuba, har ƙarfen ya zauna daram kan katako. Jirgi ya hau bayan kan ya cire tiyon iska guda biyu, suka yi tsaki mai ƙarfi, ya cire wayar wuta, ya sauko ya ja hannun ƙugiyar da ke riƙe da bodin. Da ya tayar da mota ya matsa gaba kaɗan, sai katakon ya yi ƙara, bodin ya ɗan sunkuya, ya tsaya. Kan motar kuwa ya ɗago, ya yi wasai.

Ya leƙo ta taga yana neman abin da zai ce. Kalmomin duk sun yi masa kaɗan.

"Yaya," ya ce wa Manaja, don bai san da wane suna zai kira ta ba kuma, "ban san da bakin da zan gode muku ba."

"Ka adana bakin, za ka yi magana da mahaifinka da shi." Ta miƙo masa gorar ruwa mai sanyi. "Kayanka ko kwali ɗaya ba zai yi ciwon kai ba."

Mai facin ya kama ƙofar ya ɗago kansa. "Saurara, ɗana. Yanzu za ka ji ta sakayau, zuciyarka za ta ce ka tashi sama. Kada ka yarda. Nauyi ka sauke, iska tana nan tana jiranka. In ka taka, a daji za ka kwana."

"Na ji, Baba."

"Ji daban, yi daban. Allah ya kiyaye hanya."

Gaskiyar dattijon ce. Duk wahalar da ya sha a ranar, babu wadda ta kai wannan. Motar ta zama kamar ba ita ba, da ya ɗan taɓa totur sai ta zabura, hanya kuma fayau ba kowa. Rana tana ta sauka a madubinsa. Ƙafarsa har rawa take don son dannawa, shi kuwa ya sa babbar giya, ya riƙe injin a ƙasa-ƙasa yana gunaguni, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki. Babban tudun ya zo, ya ɗan tara gudu tun daga gindinsa, ya bar ta ta hau da abin da ta tara, tana rage sauri, bai ƙara mata ba. Da ya kai ƙoli ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya, ya bar ta cikin giya ta gangara da kanta. Bai san sanda ya ce alhamdu lillahi a fili ba.

Rabonsa da irin wannan tuƙin tun yana koyo, Baba na gefensa da hannu kan gwiwarsa, yana matsa masa ita in ya ga ƙafar ta fara nauyi a kan totur. A lokacin haushi abin yake ba shi. Yau da zai samu wannan hannun a gwiwarsa, da ya fi kowa murna.

La'asar ta yi, ta ɗan gota. Waya ta yi ƙara, ya danna ya bar ta kan kujera.

"Auta, likitan ya iso. Yana can yana shiri. Kana ina?"

"Na kusa, Yaya. Ina hango dogayen gine-ginen gari."

"To ka taka mana. Yau da ake son gudun naka kuma shi ne za ka yi mana nawa?"

"In na taka ba zan iso ba. Mai ne babu. Zan yi miki bayani."

Muryarta ta karye. "Tun ɗazu yake sallama da mutane. Ya yafe wa kowa, ya ce kowa ya yafe masa. Ya ce shi ya san in suka sa masa allurar barcin nan ba zai farka ba. Na yi faɗan, na yi lallashin, ko a jikinsa. Ya riga ya saki, Auta. Likitan ma ya ce ba ya son shiga da mutumin da ya saki haka."

"Ki ce masa ina zuwa."

Ya share ido da bayan hannu, ya riƙe ƙafarsa inda take.

Cikin gari ya fi daji wuya. Kowace tsayawa mai ce, kowane tashi mai ne, allura kuwa ta daɗe da daina motsi. Da ya hango jar fitila daga nesa sai ya saki totur ya riƙa silalowa kamar mai tsoron taka ƙwai, don ta koma kore kafin ya iso. Motocin bayansa suka haukace da ham. Wani mai tasi ya zagaye shi ya leƙo yana tambaya ko gawa ya ɗauko. Wani a kan keke ma ya wuce shi, har da waiwaye. Jirgi, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa bayin Allah irin wannan, ya ɗaga musu hannu yana ba da haƙuri.

A saman titin asibitin injin ya yi tari. Ya sake yi, ya kama, ya sake saki, sannan ya yi tsit. Sitiyarin ya yi tauri nan take. Allah ya sa titin gangare ne, kuma akwai sauran iska a birki. Ya taka kuloci, ya rungume sitiyarin da dukkan ƙarfinsa, ta yi ta silalowa ba sauti, ta wuce kantin magani, ta wuce masu sayar da lemo, ya karkatar da ita da ƙyar ta tsaya jikin katangar asibitin. Ya ja birkin hannu ya diro, ko ƙofar bai tsaya kullewa ba.

Ya same su a dogon barandan da ke kaiwa ɗakin tiyata. Baba na kwance kan gadon turawa, an sa masa rigar asibiti, ya ƙanƙance ƙwarai. Yaya na tsaye a kansa, ido jajir. Wata ma'aikaciyar jinya tana naɗe abin awon jini daga hannunsa, ta dubi Jirgi sama da ƙasa, da baƙin man da ke rigarsa.

"Kai ne autan?" ta ce. "To, awon ya yi daidai yanzu."

Yaya ta raɗa masa, "Sai sake awon take, wai bai yi mata ba. Don kai take yi." Ya juya zai yi godiya, matar ta riga ta ba su baya tana gyara ledar ƙarin ruwa.

Ya durƙusa ya kama hannun tsohon. "Baba, ga ni. Sannu, Baba."

Idon ya buɗe a hankali. Ba ya gani sosai, amma ya ja hannun Jirgi kusa da fuskarsa ya shinshina.

"Auta. Ka zo." Ya numfasa. "Hannunka warin tsatsa da baƙin mai. Bodi ka sauke?"

"Na sauke, Baba. Mai ne ya gaza. Wasu bayin Allah suka taimake ni, yana wurinsu."

"Gudu ka yi da kaya."

"Na yi, Baba."

"Na sani." Bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi. "Daga baya fa?"

"Daga baya na lallaɓo ta. Har mai keke ya wuce ni."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka. Ka yafe mini, Auta, duk abin da..."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba. Ni ne dai."

Tsohon ya lumshe ido, har Jirgi ya ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai girarsa ta haɗe.

"Man ya kawo ka har nan?"

"Har jikin katanga. A saman titi ya ƙare."

"Kai ka kashe ta, ko ita ta mutu?"

"Ita ta mutu."

"Kash. To ta ja iska ke nan." Muryar ta ɗan ƙara ƙarfi, irin ta da. "Ko ka cika tankin ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar. Kada ka bari masu gyaran bakin titi su taɓa ta, za su yi ta murza makulli har su kashe maka batir. Kai ma kada ka taɓa, na san ka da gaggawa, za ka tsinke mini zaren ƙusa. Ka bari in na fito in nuna maka."

Jirgi ya fitar da iska daga injin dizal sau ba adadi, a rana da cikin ruwan sama, wani lokacin ido rufe ma zai iya. Ya ji Yaya ta damƙi kafaɗarsa da ƙarfi. Tun asuba, sai yanzu tsohon ya ambaci fitowa.

"To, Baba," ya ce. "Dama ban taɓa gane kan abin sosai ba. Zan jira ka."

"Ka jira. Ba wuya gare shi ba, hannu ne kawai."

Masu turawa suka zo. Ma'aikaciyar jinyar ta ce lokaci ya yi, aka tura gadon, ƙofar mai ganye biyu ta rufe a bayansa.

Suka zauna kan bencin baranda, shi da Yaya. Ya ba ta labarin Manaja da mai faci da katakon benci, tana dariya tana share hawaye, tana ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, har da maigidan da karnukan. Ya sha sauran ruwan gorar, wanda ya riga ya yi ɗumi. Hasken yamma ya yi ja a jikin tagogi.

Ana nan sai ga mai gadin asibitin, da sandarsa a hammata, yana duba fuskokin mutane.

"Wane ne mai kan tirelar da ke jikin katanga?"

Jirgi ya miƙe. "Ni ne. Ta tare hanya ne?"

"A'a, ba ta tare komai ba. Na dai rufe maka ƙofar, ga makullinka da ka bari a jiki. Masu lemo sun ce mutuwa ta yi. Akwai makanike nan bayan asibiti, hannunsa na da kyau, bai tashi ba tukuna. In kira maka shi?"

Jirgi ya karɓi makullin da hannu biyu. Ya dubi ƙofar ɗakin tiyatar.

"Na gode ƙwarai, Allah ya saka. A bar ta haka nan," ya ce. "Mai gyaran nata yana ciki, shi muke jira."